Ƙullin Damin Gidanmu

Ko na tsufa na manta sunana, ba na jin zan manta ranar da wani direba daga Ƙaura ya sauke tsoho a ƙofar gidan kakata a Sakajiki, ana tsakiyar yankan gero. Ya ce daga Sudan mutumin ya fito, ciwo ya shafe masa tunani, ba abin da yake maimaitawa sai sunan garinmu da na mahaifin kakata.

Kowa a gidan ya san labarin ƙanenta da ya tafi Makka a ƙasa yana saurayi, bai dawo ba. Ni kuwa lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai. Na tsaya ina jiran su haɗa ido, zuciya ta gane zuciya, a rungume juna ana hawaye.

Kakata ta dube shi ta daɗe. Tsagar fuskarsa ta nutse cikin tamoji, haƙora sun zube, Hausarsa ta cakuɗe da Larabci.

"Ban san shi ba," ta ce.

Kawuna ya ce, "Inna, ko shi ne ma, mi ya rage? Bai san ki ba, bai san kainai ba. A ba shi abinci, gobe in mai da shi tasha."

Tsohon yana zaune kan tabarma yana murmushi, bai san ana yanke masa hukunci ba. Na ji haushin kakata, na ce a raina ba ta da zuciya.

Da la'asar aka zube zangarniya a tsakar gida ana ɗaurin dami. Ba wanda ya kira tsohon. Ya matso da kansa, ya jawo igiya, ya jera kawunan geron, ya danne da gwiwa. Sai ya murɗa igiyar ta hagu, ya cusa bakinta ƙasa sau biyu. Kakata ta ajiye ƙwaryar hannunta.

"Wa ya koya maka wannan ƙulli?"

Ya dubi hannuwansa kamar na wani. "Ban sani ba, Hajiya."

"Ni na sani. Babanmu bahago ne, duk Sakajiki shi kaɗai ka ƙulli haka." Ta juya wurin kawuna. "Share mashi ɗakin zaure." Sannan ta dubi tsohon. "Kai kuma daina ce mini Hajiya, Yaya nike."

Shekara uku ya yi tare da mu kafin ya rasu, bai taɓa tuna ta ba. Ita ce take tuna masa kowace safiya, ba ta gaji ba.

A da na ɗauka mutum tunaninsa ne, in ya tafi shi ke nan. Ranar na gane ba a wuri ɗaya Allah yake ajiye mutum ba. Wani abu yana kai, wani yana hannu, saura kuma yana wurin waɗanda suka yarda su riƙe masa.