Ƙwaya a Kunun Yaya

Yayana ya girme ni da shekara shida. Inna ta ce kwana biyu ta yi tana naƙudarsa a gida kafin a kai ta asibiti, kuma da ya fito bai yi kuka ba sai da aka daɗe ana jijjiga shi. Bai taka ƙasa ba sai yana shekara huɗu. Har ya yi gemu, maganarsa ta ƙaramin yaro ce: ruwa, tuwo, Inna, mota, sannu. Jiki kuwa Allah ya ba shi, dogo ne ƙaƙƙarfa kamar Baba, wanda ya rasu ina aji uku na sakandare.

A Tudun Wada ta Gusau muke, gida mai ɗaki uku. Kowa a layinmu ya san Yaya. Shi ke tura kurar ruwa daga famfo zuwa gidaje, ba don an sa shi ba, don yana so. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa hannu ya ce "Sannu!" da ƙarfi, ko sau goma ka wuce a wuni. Dariyarsa har layin baya ana jinta.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarmu ta kwantar da jaririnta a tabarma a zaure, ta koma ciki ɗauko zani. Jaririn ya fara kuka. Yaya yana wucewa ya ji, ya shiga ya ɗauke shi, ya nufi famfo yana jijjiga shi a kafaɗa yadda ya ga mata suna yi. Uwar ta fito ta kurma ihu. Mutane suka bi shi da gudu, shi kuma da ya ga an yo kansa sai ya ƙara ƙanƙame yaron. Da ƙyar aka ɓamɓare hannunsa. Ko ƙwarzane jaririn bai yi ba. Yaya kuwa an fasa masa baki da goshi, kuma a cikin kokawar ya ciji wani mutum a dantse har ya fitar da jini.

Washegari Kawu, wan Inna, ya zo daga Bungudu. Ya zauna a tsakar gida ya ce abu biyu ne. Akwai wani gida a wajen garinsu inda ake ajiye irin su Yaya, a sa musu mari a ƙafa. Ko kuma wannan. Ya ciro farar leda daga aljihu, cike da ƙwayoyi, ba kwali ba takarda. Wani mai kemis ne ya ba shi, wai yana kwantar da hankali. Mai kemis ɗin bai taɓa ganin Yaya ba.

Inna ta kalli ledar ta daɗe. Ta ce, "Ba za a ɗaure mini ɗa ba."

Shekarata goma sha tara, ina zaman jiran makaranta. Yaya ba ya haɗiye ƙwaya, tofarwa yake, don haka ni aka ba aikin. Kullum da safe in murƙushe ta da bayan cokali, in zuba a kununsa, in ƙara sukari don ɗaci. In miƙa masa ya ce "Sannu," ya shanye.

Cikin sati biyu gidanmu ya yi tsit. Yaya ya daina fita. Yakan zauna jikin bangon ɗakin girki daga safe har la'asar, kai a sunkuye, miyau na zuba a ƙirjin riga. In ya tashi sai ya riƙa jan ƙafa kamar tsoho, hannuwansa na rawa. Matan layi suka riƙa shigowa suna yi wa Inna barka, suna cewa ai ya samu sauƙi. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na samu na yi karatun jarrabawa ba mai ƙwace mini littafi.

Bayan kusan shekara na samu shiga makarantar koyon aikin lafiya a Tsafe. Ina kwana can, ranar Juma'a in hau mota in dawo gida. Kunun ya koma hannun Inna.

A shekarata ta biyu, malamar da ke koya mana lafiyar ƙwaƙwalwa ta ba mu tarihin wata tiyata da ake kira lobotomi. Ta ce a ƙarnin da ya wuce, a Turai da Amurka, likitoci sukan huda ƙoƙon kai, ko su zura siririn ƙarfe ta saman ido, su yanke jijiyoyin da suka haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sauranta. Da masu taɓin hankali aka fara, daga baya aka haɗa har da waɗanda aka haifa da ƙarancin fahimta, musamman a manyan gidajen da ake tara su, inda ma'aikata ba su da yawa. Wanda ya fito da dabarar har babbar lambar yabo aka ba shi. Cikin waɗanda aka yi wa tiyatar wasu sun mutu, wasu sun rayu amma ko wanka ba sa iya yi wa kansu. An bar ta ne da ɓarnarta ta bayyana, kuma magunguna suka fito.

Wata ƙawata ta ce, "Kai, waɗannan mutane ba su da imani."

Na ɗaga hannu. Na ce, "Malama, wa yake ba da izini a yi musu?"

Ta ce, "Galibi iyaye, ko shugaban gidan da suke. Da yawa daga cikin iyayen suna son 'ya'yansu. Gajiya suka yi, kuma likita ya ce musu za a samu sauƙi."

"Shi mutumin fa, ana tambayarsa?"

"Ana ganin ba zai gane ba."

"To ta yaya ake sanin ta yi aiki?"

Ta ce, "In ya daina damun mutane."

Ban ƙara jin komai ba har aka tashi. Ranar Laraba ce, kuma sai na jira Juma'a.

Na tarar da Inna tana tankaɗen gari. Ko jaka ban ajiye ba na fara. Na ce mun kashe shi da ransa, na ce ba don shi muke ba shi ƙwayar nan ba, don mu ne. Ta bar ni har na gama. Sannan ta ajiye rariya.

"Mi kike so in yi? Ke kina Tsafe kwana biyar. Ni kaɗai ce da shi. In ya fita suka kashe shi fa? Kin ga goshinsa rannan. Ko kuwa in kira kawunki ya zo da mari?"

Na shiga ɗaki.

Abin da na iya shi ne, da aka yi hutu na kai shi asibiti a nan Gusau. Likitan ya fara gaishe da Yaya kafin ni, ya miƙa masa hannu ya jira har ya karɓa. Ya duba ƙwayar ya girgiza kai. Ya ce Yaya ba hauka gare shi ba, tsoro ne ya sa ya yi cizo, kuma abin da muke ba shi ya yi masa yawa ƙwarai. Amma kada a yanke lokaci guda, a riƙa ragewa a hankali, har ya koma rabin ƙwaya ta wani magani mai sauƙi.

Wata uku aka yi ana ragewa. Miyau ya tsaya, rawar hannu ta ragu amma ba ta tafi ba. Wata Asabar ina wanki na ji "Sannu!" a bayana, har na zabura.

Sai dai da muryarsa ta dawo, son fita ma ya dawo, kuma layi bai manta ba. Mai unguwa ya aiko cewa in za a fita da shi a riƙe hannunsa. Muka sa sakata a ƙofar zaure daga sama, inda ba ya lura. Yakan tsaya ya manna ido a tsagar ƙofa, yana gaida ƙafafun masu wucewa, in ya gaji ya fara dukan ƙyauren da tafin hannu. Wani lokaci awa guda yana duka. Na gano cewa ranar da dukan ya ishi Inna, takan koma ga ragowar ledar Kawu da ta ɓoye a cikin kwalla. Na yi mata faɗa, na ɗauke ledar na sa a akwatina.

Ban zubar ba. Na sha tambayar kaina dalili.

Bayan na gama makaranta na fara aiki, aka sa ranar aurena. Dangin mijina mutanen Mada ne, ba su san Yaya ba sai a labari. An ɗinka masa shadda ruwan toka da hula, ya yi sati yana ɗauko su yana shafawa, yana cewa "Biki." Ranar wuni gida zai cika da mata da yara, ƙofa a buɗe. Da safe na dama masa kunu. Na tsaya da kofin a hannu, sannan na shiga ɗaki na buɗe akwati. Inna tana bakin ƙofa ta gan ni. Na ciro ƙwaya daga ledar Kawu, na murƙushe na zuba a kunun.

Ya sa shaddarsa da kansa, wuyan a baya. Kafin baƙin farko su iso barci ya kwashe shi a ɗakin Inna. Muka ja labule. Aka yi kiɗan ƙwarya, aka ci, aka watse. Ya farka gab da magariba, ana tattara kwanuka. Ya fito yana layi, hular a hannu, ya dubi tsakar gida ya dube ni.

Ya ce, "Biki?"

Na ce, "Gobe, Yaya."

Inna ta gaya mini ya yi kwana huɗu yana sa shaddar kowace safiya.

Yanzu shekara bakwai ke nan. An taɓa ba ni canjin wurin aiki zuwa wani gari, na roƙa aka bar ni. Mun kama haya layi biyu daga gidan Inna, wadda ƙafa ta fara hana ta tashi. Kullum in na taso aiki nakan biya, in riƙe hannun Yaya mu zaga har bakin titi mu dawo. Yana tsayawa kallon motocin Kano. In na ce mu koma sai ya turje, sai na lallaɓa shi, wani lokaci har a kira sallah muna tsaye.