Zumar da Aka Kawo wa Marigayi Khoi

Xoan mai shayin ƙanƙara ce a bakin wani lungu a birnin Hai Phong na ƙasar Vietnam, kuma kowa ya san ba a zama a kujerarta a tashi ba a sha tambaya ba. Tun tana yarinya haka take. Ita ce ta kwance rediyon babanta don ta ga mai maganar, ta sha duka, gari na wayewa ta kama agogo. Mijinta Khoi, kafin ya rasu, yakan ce asara 'yan sanda suka yi da ba su ɗauke ta aiki ba.

Da babbar waya ta shigo hannunta, sai ta kamu da kallon masu talla kai tsaye. Mai kaya na ɗaga hajarta tana zuba, masu so na rubuta sunansu da lambar waya da adireshi a ƙarƙashin bidiyon, mai babur ya kawo, sannan a biya. A nan ta tsinci Nguyet, 'yar ƙanenta, tana tallar zumar da take kiwo a ƙauyensu na Hung Yen. Bikin Tet na sabuwar shekara ya ƙarato, kowa na neman abin kai wa surukai. Xoan ta yi ruwa ta yi tsaki har matan lungun suka yi oda, ta ce idan zumar nan ba ta kai ba a kama ta.

Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne saurin zuwan kayan. Nguyet ba ta taɓa yin komai da wuri ba a rayuwarta, amma ga kwalabe sun iso washegari. Matan suka biya, suka naɗe da jar takarda. Thoa mai ɗinki ta kai wa uwar mijinta, tsohuwar ta lasa, ta ce a gaban dangi an kawo mata narkakken sukari.

Thoa ba ta tsaya a kan Xoan ba. Ta shiga tallar Nguyet ana tsaka da kallo, ta kira ta ɓarauniya, sauran matan suka mara mata baya. Yarinyar ta kashe waya tana kuka. Daga nan ba ta sake fitowa ba, masu oda suka dinga janyewa, kuma zumar ce kaɗai abin da take ci da 'ya'yanta da shi.

Xoan ta ji kunya, ta ji haushi, amma son sani ya fi su ƙarfi. Nguyet ta rantse mata ko kwalba ɗaya ba ta fita daga ƙauye ba tukuna. To, wa ya san Thoa na son zuma? Wa ya ba shi lambarta? Ta zauna tana fasa ƙanƙara tana juya abin, har ta tuna cewa duk wanda ya buɗe bidiyon yana karanta abin da suka rubuta, ba mai zumar kaɗai ba.

Ta lallaɓa Nguyet ta ƙara yin talla, ta ce ko me ta ga an rubuta kada ta aiko. Sannan Xoan ta yi oda, ta rubuta lambarta a fili, ta sa sunan Khoi.

Da hantsi wayar ta yi ƙara, Thoa na zaune ta juya mata ƙeya. Xoan ta ƙure muryar yadda kowa zai ji. Wani saurayi mai ladabi ya ce daga shagon Nguyet yake, ga zumar Kawu Khoi a hanya.

"Sannu, ɗana. Shi da kansa ya yi odar?"

"Shi fa, Goggo. Mun ma gaisa ɗazu."

"Ka kyauta. Yaya ka ji muryarsa? Mu tun da muka binne shi ba mu ƙara ji ba. Ka kawo dai, a gaban hotonsa za mu ajiye, kusa da turare."

Ta so ta tambaye shi su nawa ne, da yadda suke dafa sukarin ya yi wannan launi, amma ya katse. Wannan ya ɓata mata rai fiye da komai. Thoa ta juyo. Xoan ta ce daga yau kowacce ta tura lambarta ta saƙon sirri, wanda ya kira kuma a tambayi mai kayan ko ita ta turo shi, kafin a ciro kuɗi ko dong ɗaya.

Nan take ta kira Nguyet ta ba ta labari. Yarinyar ba ta yi dariya ba.

"Goggo, ke ma kin zaci ni ce?"

"Na zata, 'yar nan. Ki yafe mini."

Thoa ta miƙo hannu tana cewa a ba ta wayar ita ma ta ba da haƙuri.

"A'a, Yaya Thoa, ba a waya ba," in ji Nguyet. "Gobe zan fito talla. Inda kika faɗi waccan, nan za ki zo ki faɗi wannan."