Gaisuwar Alhaji a Bakin Dam

Shekarar da soja suka koma bariki, ni kuma na koma bakin ruwa. Duk Asabar sai in ɗaure fatsata a bayan Vespa, in cika gwangwani da tana, in kama hanyar dam ɗin Ajiwa. Kifin can yana da lokacin ofis: daga sallame Asuba zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya. Rana na take tsaka, ko tsire ka soka a ƙugiya ba mai kula ka.

Maƙwabcina a Ƙofar Sauri, wani Alhaji, ya shiga neman kansila, gaisuwa ta zame masa sana'a. Na taɓa ganinsa yana tambayar akuya lafiyar iyali. Mahaifiyarsa Hajiya ta tashi daga jinya ba ta cin komai, ta ce romon kifi kawai take sha'awa, ban da na ƙanƙara. Alhaji ya yi mata alkawarin zai kamo da hannunsa, ya roƙe ni in tafi da shi dam.

"Alhaji, sharaɗi guda," na ce masa. "Kihi ba ya son surutu. Kuma hantsi na yi, an tashi kasuwa."

"Haba Malam, ni da ko a gida ba a jin muryata?"

Mun isa gari bai gama wayewa ba, ruwa kwance luf, karfasa na ta tsalle a gefen ciyawa. Kafin in kafe Vespa, Alhaji ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu.

"Waɗannan fa ba 'yan mazaɓarka ba ne," na raɗa masa.

"Suna da dangi cikin gari."

Da ƙyar na zaunar da shi, rana ta fara leƙowa. Na soka masa tana, na nuna masa 'yar totuwar da ke yawo bisa ruwa, na ce in ta nutse ya fizga. Ya yi shirun da tun da aka buga gangar siyasa bai yi irinsa ba.

Sai ga wani dattijo da gora a kafaɗa, ya yi sallama. Alhaji ya miƙe, fatsa a hagu, ya miƙa masa hannun dama.

"Baba, an tashi lahiya? Ina gajiya?"

Totuwa ta nutse.

"Ina iyali? Ya ruwa?"

Sandar ta lanƙwashe, zufa ta keto masa. Amma ɗan birni ba ya katse wa babba gaisuwa, ni ma kuma ban isa in tsoma baki ba. Ina kallon romon Hajiya yana shirin komawa tsakiyar dam.

Dattijon ne ya leƙa bayansa. "Ɗana, sallami wancan baƙon tukuna, ni ba sauri nike ba."

Alhaji ya fizga da hannu biyu, ya zauna daɓas cikin taɓo da shaddarsa. Tarwaɗa ce. Ina faɗin ta kai cinyata, shi yana cewa ta fi, masunta sun ce ta kai dai damtsen yaro.

Da azahar Hajiya ta shanye kwano guda, ta tsotse kan, ta miƙo a ƙara mata. Sannan ta dubi rigar ɗanta, ta tambaye ni ko kifin ne ya kama shi.