Darbejiyar da na dasa da ledarta

Ni dai tun ina yaro ɗuwawuna ba sa shiri da tabarma. A Gwangwan na tashi, hannun kakata Iya Kande. Da an idar da magariba sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni Maigida take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika.

"Maigida, ka zauna mana. Wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi, kamar an zuba masa tururuwa a wando?"

Sai ta gyara murya ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce ta shigo, kunnuwanmu a buɗe.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani Tanko mai gaggawa. Garinsu babu inuwa ko ɗaya, har akuya sai ta laɓe bayan 'yar'uwarta. Tanko ya je wurin wata tsohuwa a bakin rafi, ta ba shi irin ɗorawa a cikin ɗan gora. Ta ce, "Ka haƙa rami, ka zuba taki, amma kafin ka binne..." Kafin ta rufe baki Tanko ya kai bayan gari.

To, iyakar abin da na sani ke nan. Daidai wurin nan kullum nake jiyo ihun 'yan langa a ƙofar gida, in dumbuzi gyaɗata in fice. Haka na yi wa makaranta ma, a aji biyu na ce musu ina zuwa. Na taɓa faci, na taɓa acaɓa a Karaye, na taɓa cajin waya, duk ina zuwa.

Bara kwarin da ke bayan gidanmu ya matso, saura taku kaɗan ya haɗiye ɗakin Iya. Ta ce ita ba inda za ta, a ɗakin aka kawo ta amarya. Ana haka wasu masu koyar da dashen itace don tare zaizayar ƙasa suka zo. Ba aji, ba allo, a bakin kwarin mai unguwa ya tara mu. Malama Binta, shugabarsu, ta tsuguna tana nuna zurfin rami, da taki, da shingen ƙaya saboda awaki. Na ce, "Malama, ai na gane." Na kwashi 'ya'yan darbejiya ashirin, kowace a ledar rainonta, na yi bayan ɗakin Iya. Kafin su gama surutu na dashe su tas, har ina yi wa mutane sannu da aiki.

Sati shida, na kowa ya yi sabon ganye, nawa suna tsaye kamar masu zazzaɓi. Na zagi awaki, na zagi gara. Malama Binta ta zo da jama'a, ta tona guda. Ga baƙar ledar nan lafiya lau, saiwa ta nannaɗe a ciki kamar taliya.

Mai unguwa ya riƙe ciki. "Kai, Sule! Takalmin ruwa ka sa musu?"

Malama ta ce, "Sai an yage ledar. Shi na faɗa a ƙarshe."

Wuni guda na yi a durƙushe ina tona ina yagewa. Sha uku suka rayu, kuma zuwa yanzu ɗakin Iya yana nan.

Da yammar ranar na same ta tana gyaran gyaɗa, labari ya riga ni isa. Na ce, "Iya, wai yaya Tanko ya ƙare?"

"Au, Maigida ya dawo daga langa? Shekara sha biyar ina riƙe maka." Ta tura mini kujera. "Da goran ya binne, baki a toshe. Shekara bakwai yana ban ruwa, yana zaune a rana yana jiran inuwa, har ya koma kamar gindin tukunya. Tatsuniya ta naɗe tabarmarta, ta tafi."

Sai a lokacin na lura, duk abin da na bari a rayuwata, wurin "amma kafin" nake tashi. Na ƙi motsi.

"Me kake jira kuma?"

"Ko da saura."

"Da saura," in ji Iya. "Tashi ka ba itatuwana ruwa."