Hajiya Tsahara, Wadda Ta Kai Mu Fadamar Jiratawa

Ranar Talata, 14 ga watan Janairu 2025, da hantsi, ina zaune a ƙofar gidana a Tsibiri sai waya ta yi ƙara. Malam Muhammad Auwal ne, maigidanki, Hajiya Tsahara. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Mushe, sai haƙuri. Hajiya ta cika." Na ji shi sarai, amma sai da na sa ya maimaita. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kwana shida kika yi a asibiti kina fama da ciwon ƙirji, kika bar duniya kina da shekara hamsin da takwas.

Ni ne Andarawus Mika, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Ni nake faɗa, matata Milka tana rubutawa, domin idona ya rufe shekara goma sha huɗu ke nan. Akwai waɗanda suka riga ni saninki, akwai waɗanda suka fi ni kusa da ke. Amma shekara goma sha biyu na yi ina rubuta wa ƙungiyarki takardu, kuma abin da na shaida ba zan bari ya tafi da ni ba.

Duk wanda ya san Sabon Garin Maraɗi ya san rumfarki ta ɗinki, ya san kekenki mai ƙafa uku da kike tuƙawa da hannu. Shan inna ya kama ki kina 'yar shekara huɗu, ya tafi da ƙafafunki duka biyu. Kin sha gaya mana cewa da kika girma, dangi sun ba da shawarar a riƙa ajiye ki bakin kasuwa kina karɓar abin da Allah ya kawo, mahaifiyarki ta ce sai dai bayan ranta. Ita ta kai ki koyon ɗinki. A ƙarƙashin wannan rumfa kika tara mutum biyar, guragu uku da makaho da kurma, kuka kafa ƙungiyar Niyya.

Ni kuwa a lokacin ban san da zamanku ba. Hawan jinin ido ya raba ni da allo da ɗalibai, na shige ɗaki na yi shekara biyu ban taka ko ƙofar gida ba. Ko majami'a na daina zuwa. Ƙanwata Saloma, wadda ke kai miki ɗinki, ita ta ba ki labarina. Wata safiyar Asabar sai na ji ƙarar sarƙar keke a tsakar gida, da muryar mace tana haki tana neman ruwan sha. Daga Maraɗi kika tuƙo kanki da hannu har Tsibiri.

Ba ki yi mini jaje ba. Kika ce, "Mushe, an ce mini kana nan kana jiran mutuwa. To, ba ta faɗi ranar zuwanta ba. Kafin ta iso, muna neman mai Faransanci da zai riƙa tsara mana takarda."

Na ce, "Hajiya, ni fa makaho ne. Kuma Kirista nake."

Kika ce, "Ai ba liman na zo nema ba. Idon ne kaɗai ya tafi, ko Faransancin ma ya bi shi?"

Milka ta ce ranar ce ta fara jin dariyata tun da na makance. Mako na zagayowa na hau kabu-kabu, riƙe da sanda, na nufi Sabon Gari.

Abin da za a daɗe ana tuna ki da shi, shi ne maganar fili. A shekarar 2015 aka buɗe wani sabon wurin noman rani a gefen Jiratawa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka kafa kwamitin da zai raba wa manoma. Kika ce mu nemi fili goma da sunan Niyya. Har cikinmu akwai waɗanda suka yi dariya. Sau uku na tsara takarda, sau uku kina kai ta da kanki, ba amsa. A karo na huɗu kika ce mu tafi tare mu zauna har a gan mu.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai mutunci, ba mugu ba ne, abin dai bai taɓa shiga tunaninsa ba. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa. Sannan ya ce, "Hajiya, noman rani wahala ne ko ga mai lafiya. Ku bar mu da shi. In an yi girbi, ni na yi alkawari za mu riƙa tuna ku da sadaka."

Kika ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma mu sahun masu bayarwa muke so mu shiga."

Bai ba mu ba. Muna fita sai wani manomi mai suna Maliki, wanda ya ji duk abin da aka yi, ya biyo mu. Ya ce yana da wani yanki a can wutsiyar magudana, inda ruwa ke isa daga ƙarshe, ya gagare shi aiki. Idan muna so ya ara mana rani ɗaya. Ba ki ko tambayi girmansa ba, kika ce mun karɓa.

Mu goma sha bakwai muka shiga wannan fili a watan Nuwamba. Ke kika raba aiki, kuma ba wanda kika bari a inuwa. Mu makafi kika sa aka ɗaura mana igiya daga wannan turke zuwa wancan, da ƙulli a kowane taƙi, muna bin ƙulli muna dasa albasa. Manoman da ke maƙwabtaka da mu sun zo kallo, daga baya suka yarda cewa layinmu ya fi nasu miƙewa. Maman Lawali, wanda kuturta ta cinye wa yatsu, kika kai shi wurin maƙeri aka yi wa hauyarsa maɗauri da robar taya, ya riƙa zura hannu yana noma. Tahira, kurma ce tun haihuwa, ita kika ba kula da ruwa, domin kin lura ba abin da ke wuce idonta. Ni ba na ganin hannunta, ita ba ta jin muryata, sai kika koya mana: in ta taɓa kafaɗata sau ɗaya in tsaya, sau biyu in buɗe ruwa. Da haka muka yi aiki tare shekara tara ba mu taɓa saɓawa ba.

Ke kanki sauka kike yi daga keke ki zauna cikin kunya kina dashe. Wani mai wucewa ya ce miki, "Hajiya, da kin huta." Kika amsa masa da cewa, "Ku sai kun sunkuya kuke taɓa ƙasa. Ni da ita tun ina yarinya muke tare."

A tsakiyar Janairu injin rijiyar da ke ba ɓangarenmu ruwa ya ƙone. Ɗan abin da ake turowa daga wata rijiya yakan ƙare tun kafin ya iso wutsiya. Albasa ta fara kwantawa. Na taɓa ganyen da hannuna na ji ya yi laushi kamar tsumma. Mun san idan ta mutu ba albasa kaɗai muka rasa ba, za a ce ai dama an faɗa, kuma ba mai sake sauraronmu. Mutum uku suka ce sun haƙura, suka koma gida. Ba ki zage su ba. Kika tara masu keke, ku shida, aka ɗaura wa kowa bido biyu, wato jarkoki, kuka riƙa jigilar ruwa daga wata rijiya mai nisan kusan kilomita guda, cikin yashi. Mu kuma muna karɓa muna bi tushe-tushe da gwangwani. A rana ta uku tafin hannunki ya tsage. Milka ta shafa miki man kaɗe ta naɗe da ƙyalle, ta roƙe ki ki bari. Washegari ke kika riga kowa isa rijiya.

A rana ta biyar muka ji ƙarar amalanke. Ɗaya daga cikin manoman da suka fi yi mana dariya ne, ya ɗoro tano biyu, manyan gangunan ruwa, a bayan shanunsa. Ya sauke ya koma ɗebo wani. Kafin a gyara injin, bayan kwana goma sha ɗaya, amalanke huɗu ke yi mana jigila, kuma mutum ukun da suka tafi sun dawo da kansu.

A watan Maris muka cire albasa buhu talatin da bakwai daga filin da mai shi ya ce ya gagara, ban da zogalen da muka jera a bakin iyaka. Kika ce kada a kai ko ɗaya kasuwa sai an gayyato kwamiti. Kika ware buhu biyu aka kai wa masu jinya a asibiti, kika cika kwando aka kai gidan shugaban kwamiti. Da ya zo, an ce ya daɗe yana zagaya buhunan. Abin da na ji da kunnena shi ne da ya ce, "Hajiya, a gaban mutane na yi kuskure, a gaban mutane zan gyara." Goma muka nema, sha biyu aka ba mu. Ranar guɗar mata har bakin hanya ake jin ta. Maman Lawali, wanda ya yi shekara ashirin yana zama a ƙofar masallaci yana miƙa hannu, ya durƙusa cikin filinsa yana kuka da ƙarfi, ba wanda ya hana shi.

Yau gida talatin da huɗu na 'yan Niyya ke ci daga wannan fadama. 'Ya'yansu suna lakwal. An ba ƙungiya kujera a cikin kwamiti, kika zauna a kanta shekara takwas. Daga nan sauran ƙofofi suka fara buɗewa da sauƙi. Kin bi makarantu ɗaya bayan ɗaya har aka yi wa guda bakwai gangaren da keke zai hau. Kin shiga gidaje kina rarrashin iyayen da suka ɓoye yaransu kurame, wani gidan sai kin koma sau biyar.

Ba zan ce ba ki da laifi ba, don ke ma ba za ki yarda ba. Bakinki da kaifi, kuma haƙurinki da mai jinkiri kaɗan ne. Mun sha faɗa a kan takarda, kina cewa Faransancina ya cika ladabi. Akwai ranar da na kira ki uwar naƙasassu a wani taro, kika tare ni a waje kika ce, "Mushe, su ba marayu ba ne. Kar ka ƙara." Wasu baƙi masu aikin agaji sun taɓa neman mu taru a rumfa a ɗauke mu hoto muna zaune jugum. Kika ce wanda ke son hotonmu ya same mu a gona da hantsi, kuma ya zo da takalmin shiga laka. Sun zo, kuma har yau muna aiki da su.

Na ziyarce ki a asibiti kwana biyu kafin rasuwarki. Numfashi yana yi miki wuya, amma kika riƙe hannuna kika tambaye ni ko an rubuta sunan Tahira cikin masu neman shugabancin rabon ruwa na fadamar gaba ɗaya. Na ce tana jin tsoro. Kika ce, "Ku gaya mata ni na ce ta tsaya."

An yi jana'izarki bayan azahar. Milka ta ce mini kekuna masu ƙafa uku sun cika layinku tun daga rumfa har bakin kwalta, ga makafi riƙe da kafaɗun juna, ga kurame, ga manoman Jiratawa da suka bar ban ruwa suka zo. Da aka tayar da salla na ja gefe na tsaya ina tawa addu'ar. Bayan an sallame sai na ji wani ya kama hannuna. Tsohon shugaban kwamitin ne, an riƙo shi don ya tsufa ƙwarai. Ya ce, "Mushe, wannan mata ta koya mini abin da furfura ba ta koya mini ba."

Ga labarin da ba ki tsaya kika ji ba, Hajiya. Ranar Asabar da ta wuce aka yi zaɓen. Manoma ɗari da goma sha ɗaya suka halarta, mafi yawansu masu ji da gani da ƙafafu biyu. Tahira ta tsaya, kuma ita suka zaɓa. Yanzu duk mai fili a wannan fadama, sai ta ɗaga hannu ruwa ke shiga gonarsa.

Allah ya jiƙanki da rahama, Hajiya Tsahara. Ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa wahalar da kika sha dominmu ta zame miki hutu. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta iyalina, da ta dukan 'yan ƙungiyar Niyya ga Malam Muhammad Auwal, wanda bai taɓa hana ki fita ba ko sau ɗaya, da 'ya'yanki Khaulat da Nabil da Zuliha, da 'yan uwa da maƙwabta na Sabon Gari. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci bayanta. Mu kuma da muka rage, ya ba mu ƙarfin riƙe abin da ta bar mana, in tamu ta zo ya sa mu cika da kyau. Amin.

Andarawus Mika
Tsibiri, Maraɗi