Robar Cikin Farfelar Hafizu

Ranar, Hafizu bai jira kunu ba. Ana sallame asuba ya fiddo injin kwalekwalensa tsakar gida, ya jingina shi da turmi, ya kwance farfela yana jujjuya ta. Mahaifinsa, Malam Alkasim, wanda ya yi aikin raba ruwa a gonakin rani na Jiratawa har ya ajiye, yana kan tabarma yana kallonsa. Ya tambaye shi abin da ya faru. Hafizu ya ce jiya a tsakiyar Gulbi injin ya riƙa ƙugi amma jirgin ba ya gaba, sai da sanda ya kai mutane gaɓa. Ya nuna masa baƙar roba da ke cikin cibiyar farfelar, ta narke ta saki. Ita ke haɗa farfela da sandar inji.

Mahaifiyarsa Fasuma ta ce ya zauna ya karya. Ya kurɓi kunun a tsaye.

Haka yake tun yana yaro. Ya bar lakwal, makarantar boko, bayan aji na tsakiya, ya yi kabu-kabu, ya sayar da fetur a kwalabe, ya bi motar albasa zuwa kudu, babu inda ya shekara. Sai da ya je Madarunfa ya ga masunta da inji, ya dawo ya sayar da ɗaya cikin baburansa biyu ya sayi tsohon inji da kwalekwale. Gulbin Maraɗi yashi ne yawancin shekara. Idan ya kawo da damina, mutanen ƙauyukan ƙetaren Tibiri ba su da hanyar kasuwa sai ta ruwa, kuma ruwan ba ya daɗewa. A waɗannan makonnin Hafizu ke samun abin shekara. Gobe kasuwa ce, kuma ya yi wa mutanen ƙetare alkawarin zai zo da sassafe.

Sauran ranar Malam Alkasim bai gan ta da idonsa ba. Daga baya ya bi ta da ƙafa, shago bayan shago, yana tambaya.

Da hantsi Hafizu yana Sabon Garin Maraɗi, farfela a buhu. Masu kayan inji suka yi ta miƙa shi gaba, don a garin da babu ruwan dindindin ba kowa ke ajiye kayan jirgi ba. A ƙarshe wani ya zaro kwali mai ƙura, da roba, da hannun ƙarfe da ake zura wa sandar inji, da zobba a ciki. Hafizu ya ƙirga haƙoran hannun ƙarfen, ya ƙirga na tsohon, ba su zo ɗaya ba. Mai shagon ya ce a ɗan goga da zarto zai shiga. Hafizu ya ƙi. Ya kira wani a Jibiya, aka ce akwai mai dacewa, amma sai mako mai zuwa.

Da azahar ya yi salla a bakin tasha, ya sayi ƙosai bai ci ba. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ya gan shi yana zagaye babur ɗinsa yana magana shi kaɗai.

Kafin la'asar ya isa Jiratawa wurin Gado, mai gyaran injinan ban-ruwa, wanda ya san shi tun yana goye. Gado ya duba farfelar ya yi dariya.

"Kai ɗan Malam, wanga abu ka ke ta yawon gari a kai? Aje nan."

Hafizu ya ce an faɗa masa robar tana da dalili. Gado ya ce dalilinta shi ne a riƙa sayen sabuwa. A wurinsa, duk abin da ke zamewa a inji cuta ne, maganinsa a ɗaure shi. Haka yake yi wa famfuna, kuma ba su taɓa dawowa ba. Gaskiya ya faɗa, don famfo a rijiya yake zaune, ba ya karo da komai. Ya huda cibiyar, ya kafa ƙusoshi suka ratsa roba suka kama ƙarfe. Farfela ta zama dam. Hafizu ya tsaya yana cizon yatsa, ya ce na kwana kaɗan ne, kafin ta Jibiya ta zo. Gado bai karɓi ko sisi ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya kai mashigar Tibiri. Ya ɗaura injin, ya ce wa masu wanki a gaɓa zai gwada ya dawo. Sun ce jirgin ya tashi kamar sabo, har ya ɗaga musu hannu. Ruwan ja ne, ya ɗebo itatuwa daga kudu. Can wajen kwanar Gulbin suka ji ƙara, injin ya yi tsalle sama, sandar tuƙi ta fizge, Hafizu ya faɗa ruwa. Washegari aka same shi a ƙasa da garin, jikin wani gawo.

Bayan sadakar bakwai Malam Alkasim ya kasa zama. Ya je Madarunfa ya tambayi masu jirage aikin robar. Suka ce an yi ta ne don ta saki. Idan farfela ta bugi kututture, roba ta zame, bugun ya mutu a nan, mutum ya koma gida da sanda. Ya saurara, ya sake tambaya, ya yi godiya. Ya dawo ya biya ta Jiratawa. Gado ya rufe rumfa, yana zaune a ƙofar gida. Malam Alkasim ya zauna kusa da shi, ya ce bai zo da ƙara ba, kwana ne ya ƙare. Abu ɗaya ya roƙa: duk wanda ya kawo farfelar jirgi, a mayar da shi.

Kayan Hafizu ba su da yawa. Fasuma ta wanke rigunan ta raba wa abokansa 'yan kabu-kabu, ta riƙe hula ɗaya. Babur aka ba ƙanensa. Injin kuwa, wani masunci mai suna Zakari ya zo saye, Malam Alkasim ya ce ba zai fita gidan da ƙusoshi a ciki ba. Zakari ya tafi, ya dawo da sabuwar farfela da robarta. A tsakar gida ya goge sandar inji, ya shafa mata giris, ya sa zoben baya, ya zura farfelar haƙori cikin haƙori, ya ɗaure noti, ya lanƙwasa 'yar fil ɗin da ke riƙe shi. Malam Alkasim ya durƙusa ya juya ta da hannunsa, sannan ya ce a ɗauka. Tsohuwar farfelar ya kai wa maƙeri ya tsaya har aka fasa ta.

Kwalekwalen babu wanda ya taya. Ruwa ya janye ya bar shi kife a kan yashi. Da kaka matan Tibiri suka aiko tambaya ko za su iya shanya kuɓewa a bayansa. Fasuma ta ce su shanya.