Bokitan da Baba Ya Toshe

Shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, na ɗauko shi daga ƙauyenmu na bayan Bunkure na kawo shi Kura, gidan haya na sama inda muke zaune da maigidana. Ɗaki biyu ne da falo, sai wata 'yar baranda mai kallon titi, wadda tabarma ɗaya ke cika ta. Mutumin da ya saba buɗe ido ya ga lambu har iyakar ganinsa, shi muka ajiye a saman shagon mai cajin waya. Babu yadda za mu yi, shi ma ya sani, amma sanin bai rage masa komai ba.

Gonarsa ta riga jikinsa lalacewa. Tana can gangare, kusa da magudanar da ke kwashe ragowar ruwan ban ruwa, sai magudanar ta cushe, ciyawar kacala ta cinye ta. Ruwa ya kwanta a gonar ya ƙi tafiya, kanwa ta fito fari fat a kan kunya, duk abin da aka dasa sai ya yi rawaya ya kwanta. Yana cikin wannan baƙin ciki ciwon ya same shi.

Kayan da ya zo da su ba su cika jaka ba: tufafi, carbi, wani lanƙwasasshen bututun roba da yake janyo ruwa da shi daga kwatar ban ruwa zuwa fangali, wato kwamin shuka, sai wani ƙullin tsumma da bai yarda kowa ya taɓa ba. Irin tumatir ne a ciki, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Tumatirin ƙanana ne masu tsaga-tsaga, ga tsami, ba sa jure tafiyar mota, don haka dillalai ko kallonsu ba sa yi. Duk da haka kowace shekara sai ya ware musu fangali guda, ya matse 'ya'yan, ya shanya da toka, ya ƙulle. A ƙauyenmu kowa ya koma irin gwangwani, na kamfani da ake saya a kasuwa. Abin da ke cikin tsumman nan shi ne na ƙarshe.

Likita ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: in bai riƙa tashi yana motsa jiki ba, shimfiɗar nan ita za ta cinye shi. To Baba ya juya wa duniya baya. Ya kwanta yana kallon bango, in na kawo abinci ya ci loma biyu don kada in yi kuka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira 'yan'uwana a waya suka yi nasu, duk a banza.

A waya na ga yadda mutanen birni ke shuka a bokiti. Na samo tsofaffin bokitan fenti, na gasa ƙusa a wuta na huhhuda gindinsu kamar yadda aka nuna, na cika su da ƙasa da takin awaki, na jera a baranda. Na yafa alayyahu, na dasa ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Da gangan nake buga bokiti ina mita da ƙarfi, don na san halin mutumina, ba zai iya jin ana ɓata aikin lambu kusa da shi ya yi shiru ba.

Ai kuwa wata safiya na ji muryarsa daga ɗaki. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, wace ɓarna kike yi a nan?"

"Noman rani nake, Baba."

Sai na ji ƙarar sanda. Ya dafa bango, yana jan ƙafa, har ya iso bakin ƙofa. Tun zuwansa bai taɓa takowa nan da kansa ba. Na juya kai don kada ya ga idona. Shi kuwa ba ni yake kallo ba, ruwan da ke ɗiga ta gindin bokiti yake kallo.

"Wa ya huda waɗannan?"

"Ni ce. Haka ake yi, don ruwa ya riƙa fita."

"Ya riƙa fita ya je ina? Ke 'yar wa ce?"

Wanda bai tashi a yankinmu ba ba zai gane zafin wannan tambaya ba. A wurinmu ruwa da rana yake zuwa. Ranar da aka buɗe wa layin gonakinku ruwa, kowa ya cika fangalinsa taf, ya toshe bakin da laka, don ba ka san ranar da zai dawo ba. Aikin farko da safe shi ne zagaya kunya ana neman ramin ɓera a liƙe. Wanda fangalinsa ke yoyo abin dariya ne, kuma sai ya yi faɗa da maƙwabcin da ruwan ya gangara wa. Baba ya yi suna a kan wannan, ana cewa ko ɗigo ba ya tsere masa. Abin da bai taɓa zama dole ya yi tunaninsa ba shi ne, fangali ƙasa ce ke shanye ruwansa ta ciki. Bokiti kuwa roba ce.

Ya sa aka samo masa laka. Ya zauna a kujera, ya karkata bokiti da gwiwa, ya riƙa cusa leda a kowace huda da hannun hagu yana liƙewa da laka. Safiya bayan safiya yana wannan aiki, har na ga yatsun hannun da ya shanye suna ƙoƙarin riƙe bakin bokitin. Na rasa inda zan sa kaina. Na kai ƙara wurin maigidana, ya ce, "Ki ƙyale shi mana. Ba tashi muke so ya yi ba? Ga shi ya tashi. Alayyahu nawa yake a kasuwa?"

Da alayyahu ne kawai, da ban ce uffan ba. Amma ranar da ya gama toshe-toshensa sai ya ce in miƙo masa ƙullin.

"Baba, don Allah ka raba biyu, mu ajiye rabi."

"Ya riga ya tsallake rani ɗaya. In ya ƙara wani, ko an shuka ba zai fito ba."

A nan gaskiyarsa ce. Ya yafa shi duka a wani tsohon kwando da aka shimfiɗa wa buhu, kuma da yake kwando ba ya riƙe ruwa, irin ya fito kore shar. Ba duka ba, amma ya isa. Da suka kai dashe, ya tuge alayyahuna ba ko sannu, ya dasa su a bokitan. Kwanakin nan Baba har waƙar aiki yake yi ƙasa-ƙasa, yana cinye tuwonsa tas.

Famfon gidanmu ba kullum yake kawo ruwa ba. Ranar da ya kawo, Baba ya ce, "Yau ranar layinmu ce." A cika duro, a ɗora a kan benci. Ya tsoma bututunsa, ya danne baki ɗaya da tafin hannu, ya girgiza, ruwa ya biyo. Ranar farko da ya yi nasara da hannun hagu har dariya ya yi, irin wadda na manta yana da ita. Ya bi bokitan ɗaya bayan ɗaya, bai ɗauke bututun ba sai da ruwa ya tsaya a saman ƙasa yana ƙyalli.

Sau ɗaya na faki idonsa na sake huda guda biyu ta gefe. Ba a jima ba mai shago ya leƙo yana ɗaga murya, wai ruwa na zuba a kan wayoyin mutane. Baba ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Kin haɗa ni faɗa da maƙwabcin gona." Ya liƙe su, ranar bai ci abincina ba. Daga nan na janye hannuna.

Ganyen ƙasa ya fara rawaya. Da rana shukar ta yi laushi ta sunkuya, shi kuma a saninsa shukar da ta sunkuya ƙishirwa take ji, sai ya ƙara ruwa. Gansakuka ta rufe saman ƙasar, sauro ya samu gida. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ruwa ne ke kashe su, wallahi ruwa ne." Ya ce, "Tun ba a haife ki ba nake ban ruwa." Na shiga kicin na yi kukana. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar a lokacin ba, ina kallon abu yana mutuwa a gabana, na san maganinsa ƙusa ce guda, amma ba ni da iko.

Wata safiya bayan ya karya, na fito na same shi ya kama shukar ƙarshe da ta rage da ɗan kore. Ko ƙarfi bai sa ba ya tugo ta. Saiwar ta yi baƙi, ta yi yauƙi, tana ɗigar ruwa. Ya kai ta hanci. Ni ma daga inda nake tsaye na ji warin, kuma na san shi, warin gonarmu ne a shekararta ta ƙarshe.

Ya daɗe riƙe da ita. Can ya ce, "Waccan na ce magudana ce ta cuce ni. Wannan fa?"

Ya ce in kawo tsumman. Ya warware shi a cinya, ya kakkaɓe, ya bi kowane lungu na ɗinkin da farce. Toka ce kawai ta zubo.

"Huda bokitan, Uwata," in ji shi. Ya ɗauki sandarsa ya koma ɗaki.

Na huda su. Na zubar da ruɓaɓɓiyar ƙasar, na sake sabuwa, na sayo irin gwangwani a kasuwa. Abin takaici, suka yi kyau. Suka yi fure, suka yi 'ya'ya manya-manya masu santsi, har masu wucewa a titi suna ɗaga kai. Na tura saƙo ƙauye da Kadawa da Garun Malam, ko akwai tsohon da ya rage da irin namu. Kowa sai ya ce ya san shi, ya ci miyarsa, amma rabonsa da ganinsa ya manta.

Ranar da na tsinki na farko, na wanke shi na kai wa Baba har shimfiɗa, na sa masa a hannun hagu. Ya juya shi sau ɗaya, ya shafa santsin da babban yatsa, ya miƙo mini.

"Allah ya yi albarka. Ki sa a miya."

Ya juya ya fuskanci bango. Bututun yana nan rataye a ƙusar baranda, rana ta gasa shi har ya tsage, Baba bai sake tambayar ko famfo ya kawo ruwa ba.